Kowa da Sana'arsa: An Sake Inji, Saura Kuloci

Wanda ya tsaya bakin hanya a Bagudo ran kasuwa zai ga tsofaffin motoci ɗauke da shinkafa da albasa, waɗansu sun fito Kaoje, waɗansu Illo ko Lolo, waɗansu kuwa za su Tsamiya, bakin iyakar Benin. A cikinsu akwai a-kori-kura ta Peugeot, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975. Da wuya ka sami wadda take da injinta na fari. In inji ya gaji, sai maigida ya tattara abin da ya samu da kaka, ya sayo na hannu, irin wanda ake saukewa a Kwatano daga Turai, a ɗora masa.

To, a nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Da an murza makulli inji ya tashi, sai a ce aiki ya ƙare, a sallami bakanike. Alhali kuwa da sauran aiki a ƙarƙashin ƙafar hagun direba.

Ga yadda abin yake. Sa'ad da direba ya taka kuloci, ƙarfin ƙafarsa yakan bi ta sandunan ƙarfe, ko ta waya, ko ta mai kamar yadda yake a Peugeot 504, har ya kai ga wani ƙarfe mai kama da gwafa. Gwafar ta tura boris, boris ya saki farantin kuloci, inji ya rabu da giya. Masu ƙera mota sun auna kowane ɗayan waɗannan daidai da injin farko. In baƙon inji ya zauna gaba kaɗan, ko ya ɗara wancan tsayi, awon ya ɓaci ke nan. A mota mai sanduna abin ya fi tsanani, gama akwai sanda guda da take kwance, kai ɗaya a jikin shasi, ɗayan a wajen inji. Sau da yawa sabon injin ba shi da ramin da za ta zauna. Sai ka ga an liƙa guntun ƙarfe da walda a karkace, an soka ƙusa inda ya kamata a sa fil mai baki biyu. Na taɓa shiga wata mota da ƙusar nan ta fita muna gangarowa bakin Kwara. Allah ya sa birkinta da kyau.

Tun ba a ɗora inji ba, ka ce a gwada farantin kuloci a jikin sandar da ta fito daga akwatin giya, a ga haƙoransu sun shiga juna sumul. A duba ɗan zoben da ke bayan inji, inda bakin sandar nan yake hutawa. In ya yi mata yawa, giya za ta yi ta kuka, kuma babu yadda za a kai gare shi sai an sāke sauke akwatin giya. Robobin da suke ɗauke da inji su ma a sa masu ƙarfi, don in sun saki, inji ya riƙa motsi yana jan sandunan, mota ta dinga zabura.

Bayan an ɗaure, ka danna feda da hannu. A mota mai sanduna ya kamata ta sauka kamar kaurin yatsa biyu kafin ka ji ta yi nauyi. In babu wannan rata, boris zai ƙone, faranti ya yi ta zamewa a kan tudu. In ta yi yawa, giya ba za ta shiga ba sai da ƙaraf. A kan noti ake gyara wannan, ba da guduma ba.

Sa'an nan ka kai ta fili inda babu yara, ka ja birkin hannu, ka sa giya ta uku, ka saki kuloci a hankali. Inji ya kamata ya mutu. In ya ci gaba da ruri, kada ka biya sauran kuɗin tukuna.