Ana Son Waƙa, Ana Mance Mawaƙi: Nauyin da ke Kan Malamin Hausa a Ƙasar Dutse

Gabatarwa

Da wuya a sami wani sha'ani na Bahaushe wanda kiɗa da waƙa ba su da gurbi a cikinsa. Da su ake naɗin sarauta da hawan salla, da su ake gayyar noma, da su kuma ake kai amarya ɗakinta. Duk da wannan kusanci, akwai abin dubawa game da yadda al'umma take ɗaukar mutumin da ke samar da su. Ana haddace waƙarsa, ana kafa hujja da azancinsa a cikin zance, amma kaɗan ne suke iya faɗin garin da aka haife shi, ko wanda ya koya masa kiɗa, ko halin da ya ƙare rayuwarsa a ciki. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, tarihin makaɗi wani ɓangare ne na waƙarsa, kuma barinsa ya salwanta asara ce ga adabi da tarihin ƙasa baki ɗaya. A ƙasar Dutse da tsakiyar Jihar Jigawa kuwa, babu wanda ya fi malamin Hausa dacewa da ɗaukar nauyin rubuta shi.

Waɗanda Aka Rubuta Tarihinsu

Ba a ce masana sun yi sakaci gaba ɗaya ba. Tun a 1957 M. G. Smith ya yi rubutu a kan roƙo da matsayinsa a tsakanin Hausawa. A 1971 David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan Alhaji Mamman Shata, sannan a 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka wallafa cikakken tarihin Shatan. Haka kuma Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da dama, kuma a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993 ya sanya tarihin makaɗi cikin abubuwan farko da manazarci zai gabatar kafin ya shiga turke da salo.

Amfanin wannan aiki a fili yake. Wanda ya san cewa Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, bai gaji kiɗa ba, har ma mahaifinsa bai so ya shiga harkar ba, zai fi gane dalilin da ya sa bai zauna a fadar sarki guda ba, ya zama mawaƙin sarakuna da attajirai da direbobi da talakawa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Wanda ya san cewa Musa Ɗanƙwairo gadon kiɗa ya yi, ya fara da kiɗan noma a gidansu kafin ya koma na sarauta, zai gane inda ya samo ƙarfin amshi da tsarin da ƙungiyarsa ta yi fice a kai. Wanda kuma ya san cewa Adamu Ɗanmaraya Jos ya tashi ba uwa ba uba a Bukur, garin ma'adinai da baƙi, ba zai yi mamakin yadda ya riƙa yi wa ƙananan ma'aikata da ma'aurata waƙa da kuntiginsa shi kaɗai ba. A kowane ɗaya daga cikin ukun nan, rayuwar ce mabuɗin waƙar.

To sai dai waɗannan su ne 'yan ƙalilan da rediyo da faifai suka ɗaga. Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo a 1991, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya a 2015, kuma an sami masu rubuta wani abu game da su domin sunansu ya riga ya cika ƙasa. A bayan kowane ɗayansu akwai ɗaruruwan makaɗa waɗanda shahararsu ba ta wuce gunduma ɗaya ko biyu ba, alhali su ne suka riƙe bukukuwa da gonaki da fadojin hakimai shekara da shekaru.

Abin da ke Ƙasar Dutse

Kiɗa tsohon abu ne a wannan yanki. A Birnin Kudu, kusa da zane-zanen nan na jikin duwatsu da suka shahara, akwai duwatsu masu amo waɗanda ke ba da sauti idan an buga su, kuma masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu a kan irinsu a 1956. Gurabun da yawan bugu ya bari a jikinsu shaida ne cewa hannaye da yawa sun yi kiɗa a wurin. An san dutsen, an auna shi, an ɗauki hotonsa, amma sunan mai bugun ya tafi. Wannan shi ne abin da zai sami makaɗan yau idan aka ci gaba da zura ido.

Masarautar Dutse ta ƙunshi garuruwa irin su Kiyawa da Birnin Kudu da Gwaram da Buji da Jahun da Miga. Kamar sauran ƙasar Hausa, a nan ma akwai rukunan makaɗa daban-daban: makaɗan fada masu tambari da kakaki da algaita da kotso, makaɗan sana'a, irin masu gangar noma da masu kalangun mahauta, makaɗan maza na dambe da kokawa da tauri da farauta, makaɗan jama'a masu goge da kukuma da gurmi, sai kuma mata masu kiɗan ƙwarya da shantu a cikin gidaje. Daga Jigawa, sunan da ya fi fita a fagen kiɗan gargajiya shi ne na Haruna Uji, mai gurmi, mutumin Haɗeja. Idan aka nemi ɗalibi ya ƙara sunaye biyar daga ƙasar Dutse, tare da shekarun haihuwarsu da iyayen gidansu, yawanci sai a ga ya yi shiru, ko da kuwa da kiɗansu aka yi bikin mahaifiyarsa.

Akwai dalilin tarihi da ya taimaka wa wannan gibi. Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, yankin yana ƙarƙashin Jihar Kano ne, kuma gidajen rediyo da masu ɗaukar faifai da jami'o'i duk suna Kano da Kaduna da Zariya. Makaɗin da bai yi ƙaura zuwa can ba, muryarsa ba ta shiga taska ba. Yanzu wannan uzuri ya kau, domin jihar tana da gidan rediyonta, da Kwalejin Ilimi a Gumel, da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa. Abin da ya rage shi ne masu zuwa su zauna da makaɗan.

Darasi Daga Wata Ƙasa

Domin a ga abin da kulawa take iya haifarwa, yana da kyau a dubi wata ƙasa mai nisa. Bulgeriya ƙasa ce a kudu maso gabashin Turai, wadda ƙidayar 2021 ta nuna mutanenta ba su kai miliyan bakwai ba, wato ba su kama ƙafar yawan masu magana da Hausa ba. Tun farkon ƙarni na ashirin masananta suka riƙa bin ƙauyuka suna rubuta waƙoƙin baka dubu-dubu. A 1951 Filip Kutev ya kafa ƙungiyar kiɗa da waƙa ta ƙasa, inda aka ɗauko mawaƙa daga karkara aka sa su a albashi. An buɗe makarantar koyon kiɗan gargajiya a garin Kotel a 1967, kuma tun 1965 ake gudanar da babban taron makaɗan gargajiya a Koprivshtitsa. A 1977, da Amurka ta harba kumbunan Voyager ɗauke da faifan zinari mai muryoyin duniya, har da muryar Valya Balkanska, mawaƙiya daga duwatsun Rodopi. A 1990 kuma wani faifan waƙoƙin matan ƙasar ya ci lambar Grammy.

Ba a kawo wannan misali domin a kwaikwaye shi ɗungurungum ba, don yana da nasa aibin. Gwamnatin gurguzu ta wancan lokaci ta gyara waƙoƙin ƙauye yadda za su dace da dandamali da manufarta, ta kuma tsangwami makaɗan biki waɗanda kiɗansu bai yi mata ba, irin su Ivo Papazov, musamman a shekarun 1980. Duk kiɗan da hukuma ce kaɗai take ciyar da shi, ita za ta zaɓa masa abin da zai faɗa. Abin ɗauka a nan ɗaya ne: an san sunan mawaƙiyar ƙauye, da garinsu, da shekarar haihuwarta, domin wani ya ɗauke ta da muhimmancin da ya isa a rubuta.

Hujjojin Masu Ja da Baya

Akwai masu ganin cewa makaɗi maroƙi ne kawai, mai cin abinci da yabo da zambo, don haka bai cancanci a ɓata tawada a kansa ba. Gaskiya ne tsarin zaman Hausawa na gargajiya ya ajiye makaɗa a ƙasa-ƙasa, har wasu gidaje ba sa ba su aure, kuma gaskiya ne akwai waɗanda suka mai da harshensu makamin tatsar jama'a. Amma a bakin makaɗan fada ne ake samun jerin sarakuna da hakimai da kirarinsu da yaƙe-yaƙensu, a bakin makaɗan noma kuma ake jin sunayen manoman da suka yi fice da shekarun fari da na yalwa. Wanda ya jefar da wannan saboda raina mai ɗauke da shi, ya zubar da hatsi ne don ƙin masaki.

Wasu kuma ta fuskar addini suke kallon abin, kuma sananne ne malamai sun yi maganganu mabambanta a kan kiɗa tun zamanin masu jihadi. Wannan maƙala ba fatawa take bayarwa ba. Rubuta tarihin mutum daban, yi masa hukunci daban. Hasali ma, idan makaɗi ya ajiye kiɗa saboda addini, wannan ma babi ne na tarihinsa wanda ya kamata a ji daga bakinsa.

Hujja ta uku ita ce, wai wayar hannu da intanet sun riga sun adana komai. Abin da ke yawo a wayoyi sauti ne tsirara, sau da yawa ba sunan mai waƙar, ba shekara, ba wurin da aka yi ta, wani lokaci ma da sunan wani makaɗin daban. Kaset yana lalacewa, katin waya yana ɓata, kuma ko sun dawwama ba za su faɗi su wane ne 'yan amshi ba, ko me ya haddasa waƙar.

Abin da Malami Zai Iya Yi

Malamin Hausa yana da abubuwa uku da baƙon manazarci ba shi da su: yana jin karin harshen yankin, jama'a sun san shi, kuma yana zaune a wurin shekara da shekaru. Ɗalibin da ke neman batun kundin kammala karatu, maimakon ya sake juya abin da aka riga aka rubuta a kan Shata, zai fi amfanar da fagen idan ya nemi makaɗi guda a garinsu ko a inda aka tura shi koyarwar gwaji. Ya fara da sallama da neman izini, ya bayyana abin da za a yi da hirar, ya kuma tafi da ɗan abin goro, domin lokacin makaɗi shi ne jarinsa. Ya tambayi cikakken suna da laƙabi, da asali, da ko gado ne ko haye, da wanda ya koya masa, da iyayen gidansa, da kayan kiɗansa da mai haɗa su, da sunayen 'yan amshi da sanƙira, da yadda ake raba abin da aka samu. Inda ba a san shekara ba, sai a ɗaura ta da zamanin wani sarki ko wani abin da ya faru wanda kowa ya sani. Ya ɗauki waƙoƙin da murya, ya rubuta su yadda aka furta su ba tare da mayar da su daidaitacciyar Hausa ba, ya tabbatar da abin da ya ji daga bakin mutum na biyu, sannan ya ajiye kwafi a ɗakin karatu, ya mai da wani ga iyalin makaɗin.

Ɗalibai mata suna da rawa ta musamman a nan, domin su ne za su iya shiga cikin gidaje su zauna da masu kiɗan ƙwarya da zabiyoyi, waɗanda tarihinsu ya fi na kowa saurin ɓacewa. A aji kuma, malamin da ya koyar da waƙar baka da misalin makaɗin garin da yaran suka sani, ya koya musu cewa adabi ba a littafi kaɗai yake zaune ba.

Kammalawa

An nuna cewa rayuwar makaɗi tana haskaka waƙarsa, cewa waɗanda aka rubuta tarihinsu kaɗan ne, kuma cewa ƙasar Dutse tana cikin wuraren da aikin bai yi nisa ba. Makaɗan da suka yi tashe kafin a ƙirƙiro Jigawa, waɗanda suka rage a cikinsu sun manyanta, kuma da yawa daga 'ya'yansu sun kama wasu sana'o'in. Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa ko izinin wata hukuma, illa littafin rubutu da na'urar ɗaukar murya da ladabi. Idan kowane ɗalibin Hausa ya fita daga kwaleji da tarihin makaɗi guda a hannunsa, cikin 'yan shekaru za a sami abin da za a koyar da yaran Kiyawa da Jahun da Gwaram game da mawaƙan garuruwansu, da sunayensu.