Tambarin Da Ke Bara Da Hawayen Yaro

 Yau a kan tambari zan yi magana, kuma na san wani zai ce me ya haɗa marubuci da zane. A wajenmu, wanda ya iya alƙalami shi ake nema idan ƙungiya za ta raɗa suna, ta tsara take, ta fitar da tambari. Ranar da iyayen yara masu otizim za su haɗa kai su kafa ƙungiyar taimakon juna, ɗayanmu za a kira a ce, "Malam, a taimaka mana," ko "Malama, ke kika san kan abin." To ga matsayina tun daga farko: tambarin da ke nuna yaro yana kuka, ko ya takure a lungu, ko an ɓalle masa wani yanki na kai, bara ce da mutuncin yaron, kuma bai kamata hannun ɗayanmu ya shiga ciki ba.

Otizim yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun daga farkon rayuwa. Yana shafar magana, da hulɗa da mutane, da yadda mutum ke jin ƙara ko haske ko taɓi. Wani ba ya magana sam, yana buƙatar kulawa har girmansa. Wani kuma yana koyarwa a jami'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa yaro 1 cikin 100 na da shi. Ke nan da wuya a samu unguwar da babu irin wannan yaro, ko da ba a taɓa faɗa wa iyayensa sunan abin ba.

Duk wanda ya shiga intanet neman alamar otizim, abin da zai fara gani shi ne guntun wasan haɗa hoto, wato wasan nan da ake yanka hoto gunduwa-gunduwa a ce yaro ya mayar da kowane yanki gurbinsa. Alamar tana da tarihi. A 1963 wata ƙungiyar iyaye a Landan, wadda yau ake kira National Autistic Society, ta fara amfani da ita. Wani uba cikin shugabanninta, Gerald Gasson, shi ya zana ta, kuma a cikin guntun ya sa hoton yaro yana kuka. Ma'anar a fili take: wannan yaro abu ne mai ɗaure kai, bai dace da gurbin kowa ba, kuma yana cikin baƙin ciki. Ba zan zagi iyayen wancan zamani ba. Shekara 20 ke nan kacal da likita Leo Kanner ya bayyana yanayin a 1943, kuma a lokacin masana da yawa na ɗora wa uwaye laifi, wai rashin nuna ƙauna ne ya jawo. Sun zana abin da suka sani. Amma ita kanta ƙungiyar ta daɗe da ajiye yaron mai kuka, ta kuma ajiye guntun. Mu kuma a yau sai mu tsinto abin da masu shi suka yar, mu goge masa ƙura, mu liƙa a goshin 'ya'yanmu?

A Amurka alamar ta ƙara ƙarfi. Autism Society of America ta ɗauki kyalle mai zanen guntayen a 1999, sannan Autism Speaks, da aka kafa a 2005, ta yi tambari da guntu shuɗi. Daga nan shuɗi ya zama launin 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa otizim a 2007. Sai dai yaran da aka zana sun girma, da yawansu sun iya rubutu, suka fara tambaya: wane yanki ne ya ɓace a jikinmu? Suka ce shuɗi na ƙarfafa zaton cewa abin na maza ne kaɗai, alhali 'yan mata da yawa na girma ba a gano su ba. A 2005 ne wasunsu suka fara bikin ranar alfahari da kansu, 18 ga Yuni, da alamar rashin iyaka, mai kama da lamba 8 a kwance. A 2018 mujallar bincike mai suna Autism ta buga nazarin Morton Ann Gernsbacher da abokan aikinta, wanda ya nuna mutane na danganta guntun da tawaya da rashin cika, kuma a shekarar mujallar ta cire shi daga bangonta. Akwai masu otizim da iyaye da har yanzu suke son guntun, haƙƙinsu ne. Amma mai zana sabon tambari yau ba shi da uzurin cewa bai ji ƙorafin ba.

Na san hujjojin masu kare tambarin tausayi. Ta farko, wai tausayi ke buɗe aljihu. Haka ne, yana buɗewa sau ɗaya. Mai tausayi zai miƙa dubu biyu ya wuce, amma gobe ba zai yarda a zaunar da yaron a aji ɗaya da ɗansa ba, domin tambarinka ya riga ya koya masa cewa wannan yaro na lungu ne. Abin da iyalan nan suka fi buƙata shi ne makarantar da za ta karɓi yaro, da maƙwabcin da ba zai kore shi daga wasa ba. Najeriya ta samu dokar hana wariya ga masu nakasa a 2019, kuma doka magana take yi a kan haƙƙi. Me zai sa tambari ya koma roƙo?

Ta biyu, wai iyaye na shan wahala, don me za a ɓoye? Babu mai musun wahalar. Uwar da ba ta yi barci ba, wadda dangin miji ke cewa aljanu ne, wasu su ce sammu, wasu su ce ita ta sangarta shi, ta san abin da take ciki. Wahalarta tana da wurin faɗa: a maƙala, a hira, a labari mai shafi ɗari. Tambari kuwa ba ya da shafi na biyu. Kalma ɗaya yake faɗa, kuma zai maimaita ta a kan riga, da takarda, da allon ofis, shekara da shekaru. Yaron zai girma ya gan shi. Wace uwa ce ke son kalmar da ɗanta zai fara karantawa game da kansa ta zama hawaye?

Ta uku, wai duk duniya ta san alamar. Wace duniyar? Kaka a Ɗanbatta ko Maraɗi, wadda ita ke rainon yaron, me guntun wasan haɗa hoto ke faɗa mata? Kuma kada wani ya ɗauka cewa nake a kwaso lamba 8 mai launin bakan gizo a manna kawai. A bakin Bahaushe bakan gizo Masha-ruwa ne, shi ake cewa ya shanye hadari, ga kuma wata fassarar da mutanenmu ke yi wa launukan a yau, wadda za ta mai da taron iyaye filin gardama a kan abin da bai shafe su ba. Kwafe ba tare da tunani ba, ko wanne aka kwafo, lalaci ne.

Muna da namu kayan. Dubi dagi, wanda ke jikin manyan riguna da bangon tsofaffin gidajen Kano da Zariya: zare ne ya sarƙe, ba a ganin farkonsa ko ƙarshensa. Siyasa ta yi amfani da shi da yawa, don haka a yi hattara, amma darasinsa na nan. Dubi faifai, launuka daban-daban a saƙa guda. Dubi tabarma, inda iyali ke zama babu wanda aka bari a tsaye. Ka rage launi zuwa biyu ko uku masu sanyi, domin da yawan masu otizim launi mai ƙyalli na damunsu. Ka ƙanƙanta zanen ya koma kamar farcen babban yatsa, ka ga ko har yanzu ana gane shi a fuskar waya. Ka buga shi baƙi da fari, don haka zai fito a takardar asibiti.

Sai kalmar da za ta zauna ƙarƙashin zanen, kuma nan ne aikinmu na ainihi. Kafafen labarai na amfani da "galahanga", amma kalmar na ɗaukar yanayi daban-daban, kuma a titi ana jifan mutum da ita. Kafin ka rubuta ta a tambari, ka tambayi waɗanda za su sa rigar ko sun amince. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka kai zanen gaban iyaye, ka kai shi gaban matasa da manya masu otizim. Wanda ba ya magana yana iya nunawa da yatsa, yana iya ture takarda. Wannan ma amsa ce, kuma ta fi ta shugaban kwamiti nauyi.

Ciwon nan ma yana cikin littattafanmu. Sau nawa muke shigo da yaro mai lalura don a yi dariya, ko don a gane jarumarmu mai tausayi ce, daga nan ya ɓace har ƙarshen labari? Ba shi da abincin da yake so, ba shi da wasan da ya ƙware a kai, wani lokaci ko suna ba shi da shi. Tambarin Gasson ne muke sake zanawa da kalmomi. Aikin wannan mako ga mai so: a rubuta sakin layi ɗaya a kan irin wannan yaro, ba hawaye, ba "Allah sarki", a nuna mana abin da yake yi da safe da abin da ke sa shi dariya. Wanda ya iya wannan, a ba shi aikin tambari.