Albasar Galmi: Wa ke lissafin ruwan da ta sha?

In buhun albasa ya iso kasuwar Maraɗi ko Katako ta Yamai, lissafin ɗan kasuwa a bayyane yake: kuɗin saye, kuɗin kamiyo, duwan, ƴan dako. Ruwan da moto ya zuƙo daga ƙasa a fadamun Maggiya da Tarka ba ya cikin lissafin, haka isansin da aka ƙona da takin zamani da aka zuba. Masana na kiran awon waɗannan abubuwa auna ɗorewar hanyar abinci, tun daga lambu har tukunya.

A ganinmu inda ya kamata a fara awo shi ne ruɓewa. Albasar da ta lalace cikin rudu, ko a hanyar Abijan da Ankara, ta riga ta sha ruwanta da manta, amma ba wanda ya ci. Mun gani a 2023, da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil bayan juyin mulki, yadda kaya suka ruɓe cikin motoci. Saboda haka a daina alfahari da yawan buhunan da aka noma, a ƙirga waɗanda suka isa lafiya.

Wannan awo bai buƙatar kwamfuta. Ke mai kasa albasa, cikin buhu nawa kike zubarwa? Mai lambu kuma ya zura igiya a rijiya farkon rani da ƙarshensa, ya rubuta. In ruwan na ƙara nisa kowace shekara, isansin zuƙo shi zai ƙaru, kuma a farashin buhu za ki biya.