Sharhi: Kwamfutocin gwanjo a Bauchi da giɓin da ke cikin dokar tantance su

Tun daga shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, buƙatar na'urorin ta ƙaru a Bauchi, kama daga cibiyoyin jarrabawa zuwa shagunan buga takardu da ke kewayen Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da yawansu gwanjo ne daga Turai da Amurka. Mai saye kan duba farashi da ƙarfin batir, amma ba kasafai yake tambayar irin igiyoyin lantarkin da na'urar ke watsawa ba.

Kowace kwamfuta na watsa irin waɗannan igiyoyi a iska. Idan suka wuce kima, sukan haddasa ƙara a rediyo, musamman a matsakaici da gajeren zango, su kuma dagula aikin na'urorin da ke kusa.

Saboda haka ne hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta kasa na'urori kashi biyu: rukunin A na ofisoshi da masana'antu, da rukunin B na gidajen zama, wanda ƙa'idarsa ta fi tsauri. Tarayyar Turai kuwa tana wajabta tambarin CE. A Bauchi, sau da yawa bango ɗaya ne tsakanin shago da gida, don haka na'urar rukunin A na iya hana maƙwabci sauraren labarai.

Bugu da ƙari, tambarin shaida ce kan yadda na'urar ta fito daga masana'anta. Da zarar an haɗa ta da jabun caja, ko an cire murfin ƙarfen da ke tare igiyoyin, shaidar ta tashi daga aiki.

Wani binciken Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Nijeriya a shekara. Sai dai shirin SONCAP na hukumar SON ya fi karkata ga sababbin kaya, ƙa'idojin NESREA sun mai da hankali kan hana shigo da matattun na'urori, ita kuwa NCC kayan sadarwa take tantancewa. Kwamfutar da aka yi wa kwaskwarima a shago ta faɗa tsakanin ukun.

Kafin a cike giɓin, ma'aikatu da cibiyoyin jarrabawa masu saye da yawa na iya gindaya sharaɗi a kwangila: caja ta asali, murfi cikakke, da bayanin rukunin na'urar a rubuce.