Jirgi Iri Ɗaya, Jiki Daban-daban: Ƙaryar Adalci a Tseren Kwale-kwalen Mutum Guda

Akwai maganar da masu tseren kwale-kwale mai tafiya da iska suke yawan yi har ta zama kamar karatun allo. Wai tunda jirgin Laser, wanda yanzu ake kira ILCA, iri ɗaya ne tun daga gangar jiki har ƙyallen da iska ke turawa, to babu abin da ke raba na gaba da na baya sai gwaninta. Kuɗi ba ya sayen nasara, in ji su, kowa da abin da hannunsa da kansa suka ba shi. Maganar tana da daɗin ji, amma rabin gaskiya ce. Sauran rabin yana kan sikeli.

A duba jirgin kansa. Bruce Kirby ɗan Kanada ne ya zana shi, aka fito da shi kasuwa a 1971, ya shiga gasar Olamfik a 1996. Tsawonsa bai wuce mita 4.23 ba, gangar jikinsa kuma kilo 59 ce ko kusa da haka. Wato matuƙin ya fi jirgin nauyi. Babu dalma a ƙarƙashinsa da za ta hana shi kifewa, kamar yadda ake sa wa manyan jirage. Idan iska ta bugi ƙyalle mai faɗin murabba'in mita 7.06 ta nemi kwantar da jirgin, abu ɗaya ne ke tsayar da shi: jikin mutumin da ke ciki.

Wanda ya taɓa kallon tseren a ranar iska ya san yadda abin yake. Matuƙi ya cusa ƙafafunsa ƙarƙashin ɗamarar da ke tsakiyar jirgi, ya zuro duwawu waje, ya miƙe flat a saman ruwa, bayansa na shafar igiyar ruwa. Hannu ɗaya na riƙe da sandar tuƙi, ɗaya na jan igiyar ƙyalle. Cinyoyi na zafi kamar an ɗora musu garwashi, ruwan gishiri na dukan ido, haka zai zauna minti goma sha biyar ko fiye kafin ya kai alamar juyawa. Ƙarfin da yake mayar wa iska kuwa lissafi ne mai sauƙi: nauyinsa sau nisan da ya iya fitar da shi daga tsakiyar jirgin. Dogon mutum mai kilo 83 yana da abin da gajere mai kilo 68 ba zai taɓa samu ba, ko da zai kwana a ɗakin motsa jiki.

Iska kuma ba ta da sassauci. Idan gudunta ya ninka biyu, ƙarfin da take bugun ƙyalle da shi yana ninka huɗu. Mai ƙaramin jiki dole ya ɗaure ƙyallen ya daddaɗe shi, ya riƙa sakin igiya don iskar ta zube, yana kallon mai nauyi yana wuce shi da jirgi a miƙe. A ranar da iska ta kwanta sai reshe ya juye da mujiya: mai kilo 95 ya danna jirgin cikin ruwa, gindin jirgin na jan ruwa, masu sauƙin jiki suna sulalewa ta gefensa. Tunda gasa tana ɗaukar kwanaki, da iska mai ƙarfi da mai rauni, sai jikin da ke cin nasara ya matse a ɗan ƙaramin tsakani. Masu horarwa ba sa ɓoye shi: ILCA 7 ta maza, mai wancan ƙyallen na murabba'in mita 7.06, tana son kilo 80 zuwa 85, ILCA 6 ta mata, mai ƙyallen murabba'in mita 5.76, tana son wajen kilo 65 zuwa 70.

Masu kare ra'ayin cewa gwaninta ce kaɗai ke aiki za su ce ai gwaninta ce ta ba Ben Ainslie na Birtaniya zinaren Olamfik a Sydney a 2000, lokacin da ya tsare Robert Scheidt na Burazil a tseren ƙarshe ya hana shi sakat. Gaskiya ne. Za su ce dabara da juriya ne suka ba Matt Wearn na Ostireliya zinare biyu a jere, a Tokiyo da Paris, kuma su ne suka ba Marit Bouwmeester ta Holan lambobi huɗu daga 2012 zuwa 2024. Wannan ma gaskiya ne. Amma waɗannan mutane suna fafatawa ne da takwarorinsu da sikeli ya riga ya tantance. Gwaninta tana raba gardama a cikin ɗaki, nauyi kuwa shi ne mai gadin ƙofa. Waɗanda ya kora tun suna 'yan shekara goma sha bakwai ba a ganinsu a talabijin, shi ya sa ake mantawa da su.

Tarihin wasan kansa yana ƙaryata masu cewa nauyi ba komai ba ne. Paul Elvstrøm na Denmak, mai zinare huɗu a jere daga 1948 zuwa 1960, ya yi suna ne da gane amfanin rataya jiki a wajen jirgi, har ya ƙera benci a gida yana atisayen haka. Daga baya matuƙa suka shiga sa riguna masu shan ruwa da riguna masu aljihun ruwa don ƙara nauyi. A Olamfik ta 1984 a Los Angeles, Russell Coutts na New Zealand ya gama tseren jirgin mutum guda na Finn yana kan gaba, amma saura ƙiris zinaren ya suɓuce masa, domin kayan jikinsa sun ɗara kilo 20 da doka ta yarda a lokacin. Sai a awo na uku ya tsallake. A yau dokar tsere ta haramta sa tufa da nufin ƙara nauyi. Hukumar World Sailing da ta rubuta wannan doka ta san sarai abin da kilo ɗaya yake yi a gefen jirgi.

Duk da haka, ita ce ta rufe wa manyan maza ƙofa. Jirgin Finn, wanda Rickard Sarby ɗan Suwidin ya zana a 1949, ya kasance a Olamfik tun Helsinki 1952. Ƙyallensa ya haura murabba'in mita 10, kuma shi ne gidan masu kilo 90 zuwa sama. Ainslie da kansa sai da ya ƙara fiye da kilo goma kafin ya koma cikinsa ya ci zinare a 2004, 2008 da 2012. A watan Mayun 2018 hukumar World Sailing ta amince da wata gasa ta haɗin gwiwa da za ta bar wa Finn gurbi, tare da jirgin mutum guda na mata. Watanni shida bayan nan, a taronta na Sarasota a Amurka, ta yi watsi da wannan ta ɗauki tseren babban jirgi a tsakiyar teku. A 2021 kwamitin Olamfik na duniya ya ƙi wannan ɗin ma. An yi biyu babu: ba Finn, ba abin da aka kore shi dominsa. Giles Scott na Birtaniya ya ɗauki zinaren Finn na ƙarshe a Enoshima, a Olamfik ta Tokiyo, a watan Agustan 2021, aka naɗe tabarmar shekaru kusan saba'in.

Hujjar da aka bayar ta cire Finn ita ce daidaita lambobin maza da na mata, kuma buri ne mai kyau. A Tokiyo maza suna da jiragen mutum guda biyu, mata ɗaya. Amma gyaran da ya dace shi ne a ƙara wa mata, domin su ma suna da tasu matsalar. Tun da aka cire jirgin Europe bayan Athens 2004 aka kawo Laser Radial, wato ILCA 6 ta yanzu, a 2008, mace mai kilo 55 ba ta da jirgin da za ta tuƙa ita kaɗai a Olamfik. Yarinya ta tashi a ƙaramin jirgin Optimist tana lashe kofuna, ta cika shekara 15 ta fita, sai a ce mata ta ci abinci ta ƙara kilo goma ko ta nemi abokiyar tuƙi. Saurayin da ƙashinsa ya buɗe ya kai kilo 95 kuma a ce masa ya rage ci. Wasa ne ke tilasta wa jiki ya bi jirgi, alhali jirgi katako ne da roba da mutum ya ƙera.

Ba a rasa mafita ba. Dambe da kokawa da judo a Olamfik sun daɗe da raba 'yan wasa aji-aji bisa nauyi, kuma babu wanda ya ce hakan ya rage musu daraja. A cikin wasan ma akwai misali: jirgin mutum guda na RS700 yana da tsarin daidaitawa, inda ake auna matuƙi, mai sauƙin jiki a faɗaɗa masa fukafukan da yake tsayawa a kai, a kuma ɗora masa dalma a jirgi don nauyin ya zo daidai. Kamfanonin da ke ƙera ILCA ma sun amsa gaskiyar da kansu tun da suka yi ƙyalle kala uku a kan gangar jiki ɗaya, har da na murabba'in mita 4.7 don marasa nauyi.

A Los Angeles 2028, jiragen mutum guda biyu ne za su sake fita, ILCA 7 da ILCA 6, kamar yadda aka yi a Marseille a Olamfik ta Paris a 2024. Kafin a tsayar da jerin gasannin da za su biyo baya, ya kamata World Sailing ta buga nauyi da tsayin waɗanda suka shiga goman farko a manyan gasanninta, kowa ya gani da idonsa, sannan ta buɗe aji biyu ga maza, biyu ga mata, ko ta ɗauki jirgin da ke daidaita nauyi.