Mai Haɗa Wutar Rana: Ta Ina Ake Gane Na Ƙwarai?

 

Duk wanda ya hau soro yau a Maraɗi ko Damagaram, ya dubi rufin gidajen unguwa, zai ga baƙaƙen farantai birjik suna shan rana, abin da ba a saba gani ba sai a asibiti ko wurin famfon ruwa. Dalilin kuwa kowa ya san shi. Mafi yawan wutar da kamfanin NIGELEC yake rabawa ta daɗe tana zuwa daga Nijeriya, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa. Da aka yanke ta a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, magidanta suka ɗanɗani duhu na watanni, kuma ko da aka maido ta a farkon 2024, da yawa sun riga sun ƙudurta cewa ba za su ƙara jingina da waya ɗaya ba. Sai kasuwar sola ta buɗe. Inda kasuwa ta buɗe kuwa, gwani da ɗan koyo duk sukan baje kolinsu, kowa da tsaninsa a kafaɗa.

Ilimin rana ba baƙo ba ne a Nijar. Marigayi Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya yi shekaru yana shugabantar ofishin binciken makamashin rana na ONERSOL, tun zamanin da ƙasashe da dama ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. Abin takaici ne a ce a ƙasarsa magidanci yana zuba ajiyarsa ta shekara biyu a kan rufi, ba tare da ya san tambaya ko ɗaya da zai yi wa mai haɗa masa ba.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wata ƙara da aka kawo zauren mahaifinmu a bazarar da ta wuce. Wani maƙwabcinmu, malamin makaranta, ya sayar da ragunansa, ya haɗa da kuɗin adashin maiɗakinsa, aka kafa masa farantai biyu da batir ɗaya, da alkawarin cewa za su ɗauki firigo da fanka biyu da talabijin da fitilu har asuba. A watan Janairu aka yi aikin. Komai ya tafi daidai, domin a lokacin ɗari ba mai kunna fanka, firigo ma ba ya wahala. Da Afrilu ya kama, sai wutar ta fara ɗaukewa tun kafin sha ɗaya na dare, kafin damina ta tsaya kuma batir ya kumbura. Mai aikin ya ce an ɗora wa kayan abin da ya fi ƙarfinsu, mai gida ya ce bai ƙara ko kwan fitila ɗaya a kan abin da suka yi magana ba. Da aka tambaye su takarda, babu. Da aka tambayi malamin yadda ya zaɓi mutumin, sai ya ce surukinsa ne ya kawo shi, kuma sahu ɗaya suke salla.

Mu kam ba mu ɗauki yaron nan a matsayin macuci ba. Da alama bai san abin da bai sani ba ne kawai. Amma ko da gangan ko da kuskure, ragunan malam sun tafi. Zama mutumin kirki daban, iya aiki daban, kuma mai gida yana bukatar su duka biyu.

Alama ta farko da ake gane gwani da ita tana bayyana tun kafin a taɓa waya. Mutumin da ka kira shi ya yanke maka farashi a tarho, bai ga gidanka ba, ka yi masa godiya ka nemi wani. Na ƙwarai zai zo, ya shiga ɗaki ɗaki da izininka, ya karanta abin da aka rubuta a bayan kowace na'ura, ya tambaye ka awa nawa take yi a kunne, da rana ne ko da dare, sa'an nan ya zauna da biro da takarda. Lissafin ba wani sihiri ba ne, ɗan aji shida zai iya shi, don haka bari mu yi na gidan malam tare.

Ƙarfin kowace na'ura ana auna shi da wat, sai a ninka da awoyin da take aiki. Fitilu biyar masu wat 10, na awa biyar, sun ci 250. Fanka biyu masu wat 50, na awa goma, sun ci 1000. Talabijin mai wat 60, na awa huɗu, 240. Ƙaramin firigo a cikin zafinmu yakan ci wajen 1200 a yini da kwana. Jimilla ta doshi 2700. To me farantin yake kawowa? Faranti mai wat 300, in aka ƙiyasta masa awa biyar na cikakkiyar rana, a takarda zai ba da 1500. Sai dai lambar nan da ke jikinsa an auna ta ne a ɗakin gwaji, faranti yana da zafin digiri 25. A kan rufin kwano a watan Afrilu zafinsa yakan haura digiri 60, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage masa kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. In aka haɗa da ƙura da abin da ke zurarewa a waya da batir, abin da zai isa ɗaki bai fi 1000 da ƴan kai ba. Ke nan gidan malam farantai uku yake bukata a ƙalla, aka sa masa biyu.

A batir ne aka fi yin ɓarnar. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 200Ah yana ɗaukar 2400, amma in irin na darma ne, ba a son a zuƙe fiye da rabinsa a dare ɗaya, in ba haka ba ya mutu da ƙuruciya. Rabin kuwa 1200 ne, alhali abin da gidan yake ci daga magariba zuwa asuba ya kai 2000. Kullum sai an tatse shi ƙarƙaf. Daɗin daɗawa, an ajiye shi a wani ɗan ɗakin kwano marar taga, kuma sananne ne cewa batirin darma, duk ƙarin zafi na wajen digiri goma sama da 25 yana raba kwanansa biyu. Batirin litiyom ya fi jure tatsa, ya fi kuma daɗewa, sai dai kuɗinsa na farko ya fi yawa. Mai aikin da ya san hannunsa zai shimfiɗa maka duka biyun ka zaɓa, kuma in kuɗinka ba su kai ba, zai gaya maka gaskiya cewa firigo ba zai shiga ba. Wanda ya iya ce maka “wannan kuɗin ba zai yi ba”, ya fi wanda ke ce maka “ba komai, Alhaji, zai ɗauka” sau goma.

Sai kayan kansu. Ba sai mun zama injiniyoyi ba kafin mu kama wasu ƙarairayin. Farantan zamanin nan suna ba da wajen wat 200 a kowace murabba'in mita, saboda haka in aka nuna maka ɗan faranti da bai wuce mita ɗaya tsawo da rabin mita faɗi ba aka ce wat 300 ne, takardar da ke bayansa ƙarya take yi. Batirin darma na gaskiya mai 200Ah yana kai kilo 55 zuwa 60, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi da daɗi. In yaron shago ya sungume shi da hannu ɗaya, ka san darmar ba ta cika ba. Batirin mota kuma ba na wannan aiki ba ne, an yi shi don ya ba da wuta mai yawa cikin ɗan lokaci ya ta da inji. Waya ma a duba ta: akwai wadda aka shafa wa jan ƙarfe a baya, cikinta sanholo ne, in ka kankare da wuƙa za ka ga fari. Da yake wutar batir ƙarfin turawarta kaɗan ne, tana bukatar waya mai kauri, siririya kuwa zafi take yi, kuma daga nan gobara take tashi. Ka tambaye shi ina fis ɗin da zai sa kusa da batir, ina kuma na'urar daidaita caji da za ta zauna tsakanin faranti da batir. In ya ce ba dole ba ne, to zama da shi ma ba dole ba ne.

Amma duk wannan bai kai zuwa ganin tsohon aikinsa ba. Hoton da ke cikin wayarsa na ranar da aka gama aiki ne, ranar da kowane faranti yake ƙyalli. Ka ce ya kai ka gidan da ya yi wa aiki wanda ya ga bazara biyu da damina biyu. Ka ɗaga kai ka duba: farantan kudu suke fuskanta, da ɗan jirkice na wajen digiri 15 yadda ruwa zai wanke ƙura, ko kuwa an kwantar da su yadda rufin ya ga dama? Inuwar dogon yaro ko ta tankin ruwa tana faɗa musu da hantsi ko la'asar? Inuwa a kusurwa ɗaya tana iya kassara faranti fiye da girmanta, domin ƙwayoyinsa a jere suke kamar rakuman azalai, in ɗaya ya tsaya duka sun jinkirta. Da ƙusoshi masu noti aka ɗaure ƙarafan, ko da wayar ɗaurin kaya wadda iskar farkon damina za ta tsinke? Sa'an nan ka ja mai gidan gefe, bayan mai aikin ya ba da baya, ka tambaye shi abu ɗaya: ranar da wuta ta lalace, ka kira shi, ya zo? In da hali, a bar uwargida ta tambayi uwargida, domin ita ce take gida da rana, ita ta san lokacin da na'ura take kuka da inda rufi yake yoyo tun ranar da aka huda shi.

Daga nan sai takarda. Mun san abin da ke hana mu, wato kunya. Sai mu ga kamar neman rubutu daga ɗan unguwa zargi ne. Alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma mutanen da aka fara umurta da ita sun fi mu yarda da juna. A rubuta sunan kowane kaya da lambarsa da ƙarfinsa, da jerin abubuwan da aka ce zai ɗauka da awoyinsu, da tsawon garanti. A nan a yi hattara: garantin shekara 25 da ake ambata na masana'anta ne, a kan ƙarfin faranti kawai, kuma ba wanda zai ɗauki faranti daga Tawa ya kai Sin neman hakki. Garantin da zai amfane ka shi ne na mai aikin da na shagon da aka sayi batir, da hatiminsa a kan rasit. Kada a biya kuɗi duka a tashi ɗaya. A ba da na kaya, a ga kayan a cikin kwalinsu, a riƙe wani kaso na ladan aiki har wuta ta kwana bakwai tana ɗaukar abin da aka yi alkawari. In kuma wata rana ya ɗauki na'urarka ya tafi da ita shago don gyara, a rubuta wannan ma. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da hukunta cewa mai sana'a yana lamunin kayan da ya tafi da su wurin aikinsa, amma alƙali ba ya hukunci a kan abin da ba a tabbatar masa ba.

A ƙarar malam sulhu aka yi, da yake babu abin da za a kafa hujja da shi. Yaron ya yarda ya sake wayoyin ya kuma fitar da batir zuwa wuri mai iska ba tare da lada ba, malam kuma ya ɗauki nauyin sabon batir, aka cire firigo daga layin har Allah ya hore faranti na uku. A wannan karon an rubuta, dattawa biyu suka sa hannu, kwafi ɗaya yana nan cikin akwatin littattafan mahaifinmu.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake wanke faranti da kula da batir a lokacin hunturu.