Wayar ofis mara igiya: Abin da ɗan kasuwar kan iyaka ya kamata ya duba kafin ya saya

Idan ba a manta ba, kafin zuwan wayar salula ta GSM Nijeriya a shekarar 2001, ɗan kasuwar da ke Jibiya ko Illela ko Maigatari, in yana son jin farashin wake a Maradi ko Birnin Ƙonni, sai dai ya aika saƙo ta hannun direba ya jira. Yau kowa da waya a aljihu. Duk da haka manyan dillalai masu shago da sito da ofishin lodi suna bukatar lamba ɗaya tsayayya wadda abokan ciniki suka sani, wadda ba za ta bi yaron shago ba ranar da ya bar aiki. Wannan ce ta sa har yanzu ake neman wayar ofis mara igiya. Matsalar ita ce iri-iri ce, kuma ba kowace ce ke aiki a bakin iyaka ba.

Nau'i na farko shi ne wayar tebur mai ɗaukar sim. Kamarta ɗaya da tsohuwar wayar girke, amma da turken kamfanin salula take magana. Tana da batirinta, kuma da yawa ana iya ɗaura musu eriya a saman rufi, abin da ke taimakawa inda sabis ke da rauni. Nijeriya da Nijar duka suna amfani da zangon mita 900 da 1800 na GSM, don haka waya ɗaya za ta karɓi layin MTN ko Glo, ta kuma karɓi na Moov ko Zamani, muddin ba a kulle ta a kan kamfani ɗaya ba. Mai gurbin sim biyu ita ta fi dacewa da ɗan kasuwar iyaka.

Na biyu shi ne tsarin DECT, wato uwa ɗaya da 'ya'ya da yawa. Uwar tana zaune a ofis, a haɗe da layi ko intanet, 'ya'yan kuma suna hannun ma'aikata. Zangonta kamar mita 50 ne a cikin gini, ya kai 300 a fili. Amfaninta shi ne mai gida ya kira mai kula da sito ba tare da an ci masa kati ba, ya kuma miƙa kiran abokin ciniki daga hannu zuwa hannu. Rauninta wutar lantarki: da zarar wuta ta ɗauke a uwar, duk 'ya'yan sun mutu, ko da batirinsu cike yake. Na uku ita ce mai aiki da Wi-Fi, wadda muryarta ke bi ta intanet. Tana da sauƙin kuɗi wajen kiran ƙetare, amma in intanet ya yi rauni magana sai ta riƙa tsinkewa.

A nan akwai tarko ga masu son kayan gwanjo. DECT ta Turai, wadda ita ce ta dace da yankinmu, tana aiki tsakanin 1880 da 1900. Ta Amurka, wadda ake rubuta wa DECT 6.0, tana aiki tsakanin 1920 da 1930, kuma wannan zango ne da wayoyin 3G ke aika saƙo zuwa turke a ƙasashenmu. Wanda ya kunna ta yana iya dagula sabis ɗin maƙwabtansa bai sani ba. Ga shi kuma cajarta sau da yawa ta wutar 120 ce, alhali tamu 230 ce. Doka ta tanadi cewa na'urar sadarwa sai hukuma ta amince da nau'inta, NCC a Nijeriya, ARCEP a Nijar.

Tarihi ma ya bar darasi. A shekarun 2000 shaguna da yawa sun sayi wayoyin tebur na CDMA daga Starcomms da Multi-Links da Visafone. Da kasuwar ta durƙushe, har MTN ta saye Visafone a 2016, wayoyin suka zama kayan ado, domin ba sa karɓar layin GSM. Yanzu haka ƙasashe da dama sun fara rufe 2G da 3G, don haka mai sayen sabuwa ya tambaya ko tana kiran murya a kan 4G.

Sai batun da ya fi cin aljihu. A garuruwan iyaka, siginar turken ƙasar maƙwabciya kan fi na gida ƙarfi. Waya sai ta tsallaka da kanta, mai ita yana zaune a shagonsa ana cajinsa kuɗin baƙo. Maganinsa a cikin wayar yake: a cire ta daga zaɓen sabis da kanta, a ɗaure ta a kan kamfani ɗaya. Wayar da ba ta da wannan tsari ba ta ɗan kasuwar iyaka ba ce.

Siyasa kuwa ta ƙara wa lamarin nauyi. A 2017 ECOWAS ta amince da dokar rage kuɗin amfani da layi a ƙasashen juna, amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, ta karkata ga ƙawancenta da Mali da Burkina Faso. A wannan watan ne kuma NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira har zuwa kashi 50 cikin 100. Kafin nan, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, an rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, Nijeriya kuma ta yanke wa Nijar wuta. A watan Satumban 2021 an katse sabis a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, ciki har da Jibiya, saboda matsalar tsaro. Duk wanda ya ga waɗannan ya san hatsarin dogara da layi ɗaya ko wuta ɗaya.

Don haka shawara ita ce: ƙaramin shago ya wadatu da wayar tebur mai sim biyu, ɗaya na Nijeriya ɗaya na Nijar. Mai sito da ma'aikata da yawa ya ƙara da DECT ta Turai, ya haɗa uwar da batiri ko ƙaramar sola. A yi rajistar layin da sunan mai dukiya, ba na yaron shago ba, musamman tunda tun 2020 aka wajabta haɗa layi da lambar NIN a Nijeriya. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. A gwada wayar a cikin shagon da za ta zauna kafin a biya kuɗi.